Lomar Naman Cypher: Tsokaci a Kan Fim Ɗin The Matrix

Tun fitowar The Matrix na 'yan gidan Wachowski a 1999, hankalin masu sharhi ya fi karkata ga Neo, tauraron da Keanu Reeves ya fito a matsayinsa. Mu a namu ganin, ƙashin bayan jigon yana wurin Cypher, wanda aka ba rawar maci amana.

A cikin labarin, 'yan Adam sun yi yaƙi da injuna, har suka turnuƙe sararin sama domin hana su hasken rana. Sai injunan suka koma tatsar lantarki daga jikin mutane. Kowa yana kwance cikin wani kwami na ruwa, an jona ƙwaƙwalwarsa da kwamfuta, yana mafarkin rayuwa a wani birni na ƙarshen ƙarni na 20. Wanda 'yan tawaye suka zo ceto sai a miƙa masa ƙwayoyi biyu: ja ta farkawa, shuɗiya ta ci gaba da barci.

Cypher ya haɗiye ja, ya shekara tara a farke, cikin sanyi da tsumma da wani kunu salam. A fitowar da ta fi kowace ƙarfi, mun gan shi a gidan abinci tare da Smith, jami'in injuna, yana tauna nama. Ya san naman ba na gaske ba ne, amma ya roƙi a mayar da shi mafarki, a kuma shafe masa duk abin da ya sani. Ƙorafinsa shi ne Morpheus, jagoransu, bai gaya masa abin da zai tarar ba. Shin tilas ne mutum ya fifita gaskiya mai ɗaci a kan ruɗu mai daɗi? Tun misalin kogo na Aflatun ake wannan gardama.

Fim ɗin ya kauce wa amsa. Ya sa Cypher ya kashe abokan tafiyarsa, domin mai kallo ya tsani mutumin, ya manta da hujjarsa. Daga nan harsashi ya karɓe magana. Masu gadin da Neo da Trinity suka bindige a zauren bene ai mutane ne daga cikin waɗanda aka ce za a 'yanta, kuma fim ɗin da kansa ya tabbatar cewa wanda ya mutu a mafarkin ya mutu ke nan. Duk da haka an nuna kisan cikin tafiyar hawainiya, da kiɗa, kamar rawa. Ba mamaki lambobin Oscar huɗu da ya samu duk na sauti ne da tace hoto da siddabarun kwamfuta.