Daga buhun gawayi zuwa zauren fasaha: abin da baƙo ke gani a Tamale

Tun zamanin fataucin goro Hausawa suka san arewacin Gana, domin ayarinsu Salaga yake nufa. A yau Tamale, babban birnin yankin, ta yi suna a wani fanni dabam. A shekarar 2019 Ibrahim Mahama, ɗan garin da aka haifa a 1987, ya buɗe cibiyar fasahar zamani mai suna SCCA, wadda ta haɗa zauren baje koli, wurin bincike da masaukin masu fasaha. Masaukin shi ne inda mai zane ko mai sassaƙa daga wani gari yakan sauka, a ba shi ɗaki da wurin aiki, ya zauna wani lokaci yana ƙirƙira cikin jama'ar da ba tasa ba.

Wanda bai san aikin Mahama ba zai yi mamakin jin cewa da tsofaffin buhunan algarara ya shahara. Ana saƙa su a Indiya da Bangaladash, a kawo su Gana don zuba koko, in sun tsufa su koma ɗaukar masara da gawayi. Shi kuma yana karɓar su da dauɗarsu da tambarin ƴan kasuwa, a ɗinke su su zama ƙaton mayafi da ake lulluɓe gine-gine da shi, kamar yadda ya yi a bikin Banis na Italiya a 2015. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako a kasuwar Maradi yana iya karanta wannan aiki ba tafinta: gumin talaka ne aka rataya inda ido ba zai kauce masa ba.

Sai dai abin da ya fi buhunan nauyi shi ne inda kuɗinsu suka koma. Da cinikin ayyukansa Mahama ya gina SCCA, sannan a 2020 ya buɗe Red Clay a bayan gari, wani makeken gini na jan tubali. A filinsa baƙo zai tarar da tsofaffin jiragen sama da aka mayar azuzuwa, da taragan jirgin ƙasa a yankin da layin dogo bai taɓa isa ba. A 2021 ya ƙara da Nkrumah Volini, rumbun siminti na zamanin Kwame Nkrumah da aka yasar bayan juyin mulkin 1966, har jemagu suka gaje shi. An gyara shi, an bar jemagun a gidansu. Baje kolin farko na SCCA kuwa ba na mai gidan ba ne, na dattijo Kofi Dawson ne. Wannan ladabi ne da ya cancanci yabo.

Amma yabo ba ya hana tambaya. Ta farko, mayafin buhu hannuwa da yawa ke ɗinka shi, sunan mutum guda kuwa ke tafiya duniya. Ta biyu, gidan ya dogara da aljihun mutum ɗaya, aljihun kuma ya dogara da masu saye na Turai da Amurka; ran da kasuwarsu ta juya baya, wa zai riƙe ragamar? Ta uku ta shafi masaukin kansa. Baƙon da ya zo ya yi aiki ya nannaɗe kayansa ya tafi, bai koyar da kowa ba, bai koyi komai daga masaƙa da maƙeran gari ba, otal kawai ya kwana. Kuma muddin muhawara kan ayyukan da Ingilishin jami'a ake yin ta, mai jin Dagbanci ko Hausa ɗan kallo ne a gidansu.

Saboda haka ma'aunin wannan wuri ba ya jikin bango. Yana wurin ƴan makarantar da ake kaiwa su zauna cikin jirgin da bai ƙara tashi ba, su yi zane, su yi tambaya. Malamai da ƙungiyoyin al'adu na Damagaram ko Tawa ba su da jirgi, amma suna da tsofaffin gine-ginen da aka kulle, da masu fasahar da ɗalibai ba su taɓa gani suna aiki ba.