Siffar Talaka A Wasannin Kwaikwayonmu Na Talabijin

Duk wanda ya daɗe yana bin wasannin kwaikwayon Hausa na talabijin zai iya gane talaka tun bai buɗe baki ba. Rigarsa a yage take, hularsa a karkace, yana tafe yana sosa ƙeya, in ya shiga falon Alhaji sai ya zube a ƙasa yana ƙare wa fanka kallo. Manufarmu a wannan sharhi ita ce mu bi sawun wannan siffa, mu ga inda ta samo asali da abin da take ɓoye wa mai kallo. Abin da muka lura da shi a taƙaice shi ne, wasanninmu sun iya nuna talaka, amma da wuya su nuna abin da ya talauta shi.

Kafin zuwan talabijin, hukuma ta riga ta ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin makamin wayar da kai. Littafin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, darasi ne kan tsafta da kiwon lafiya. Haka nan majigin da aka riƙa zagayawa da shi gari-gari ana haskawa a ƙofar fada, irin su Baban Larai, an shirya shi ne don a koya wa manomi noman zamani. A irin wannan tsari kullum mutum biyu ake buƙata: wayayye mai bayani, wato malamin tsafta ko malamin gona, da kuma bagidajen da za a yi wa bayanin. Ba sai an faɗa ba, talakan ƙauye shi ya gaji kujerar bagidaje. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, sannan Jihar Kano ta buɗe CTV a farkon shekarun 1980, sai wannan gado ya bi 'yan wasa har cikin ɗakin ɗaukar hoto, domin kuwa gidajen duk na gwamnati ne, kuma gwamnati ba ta ɗaukar nauyin wasan da zai ce ita ce mai laifi.

Duk da haka, zalunci ne mu yi wa wasannin wancan zamani kuɗin goro. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ƙaramin ma'aikaci ne mai zaman bariki, Hausarsa a cakuɗe da Turancin soja, kuma ana yi masa dariya ƙwarai. Sai dai Samanja yana da aikin yi, yana da iyali, yana da ra'ayi, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya a ƙarshen wasa. Mai kallo yana dariya ne irin wadda mutum ke yi wa maƙwabcinsa da ya sani. Wannan ta sha bamban da dariyar da ake yi wa wanda aka raina.

Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan bidiyo suka mamaye kasuwa, daga baya kuma suka cika gidajen talabijin, har 'yan wasansu da marubutansu suka zama su ne masu shirya wasanni masu dogon zango. Daga nan ne siffar talaka ta daskare a fuska uku.

Fuska ta farko ita ce talaka abin dariya. Shi ne maigadi, shi ne direba, shi ne ɗan aike, ita ce 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye. Aikinsu a labari shi ne su ba mai kallo hutu tsakanin kukan masoya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, gwani ne na gaske, kuma baƙauyensa yakan yi wa mai kuɗi da mai mulki wayo irin na Gizo. Amma da yawa daga masu kwaikwayonsa sun ɗauki yagaggiyar rigar sun bar wayon. Abin da ya fi damunmu a nan, mu da harshe ne jarinmu, shi ne yadda ake raba Hausa gida biyu. Mai kuɗi yana magana da Kananci ana yayyafa masa Turanci, talaka kuwa sai a ɗora masa Sakkwatanci ko Katsinanci ko wani karin ƙauye da aka ƙara wa gishiri, don dai a yi dariya. Yaron da ya tashi yana wannan kallo zai ɗauka karin harshen kakarsa alamar wauta ce, alhali da Hausar yamma aka rubuta kaso mai tsoka na waƙoƙin malaman jihadi.

Fuska ta biyu ita ce talaka waliyyi. Wannan ba ya fushi, ba ya ƙorafi, an mare shi ya ce Allah Ya ba da haƙuri. A farkon Izzar So, wanda ya fara fita a YouTube a 2020, Umar Hashim saurayi ne mai ilimi da ladabi da ya fito daga gidan marasa hali, ga kuma Hajiya Nafisa 'yar masu kamfani mai izza da wulaƙanci. Jama'a sun so wasan, kuma mun san dalili: kowa na son ya ga an rama wa na ƙasa. Amma mu duba sharaɗin da ake gindaya wa irin wannan jarumi. Kafin a tausaya masa sai ya fi kowa ilimi, ya fi kowa addini, ya fi kowa haƙuri. Talakan da ke da rauni irin na sauran 'yan Adam, wanda yakan yi fushi in an danne masa haƙƙi, ba shi da gurbi a wannan layi.

Fuska ta uku ita ce talaka makwaɗaici: uwar da ke tura 'yarta ga Alhaji, uban da ke karɓar kuɗin aure biyu, 'yan uwan da ke jiran mutuwar mai dukiya. Gidan Badamasi, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya gina barkwancinsa a kan attajiri marowaci da tarin 'ya'yansa da kowanne ke ƙulla dabarar tatsar wani abu daga gare shi. Wasan ya caccaki uban da ya yi ta aure-aure ya watsar da tarbiyya, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai mai kallo yakan tashi da hoton matalauta a matsayin cima-zaune da ba su da wani tunani sai na gado.

Idan aka haɗa fuskokin nan uku za a ga abu guda ya ɗaure su, wato an mayar da talauci hali. Wawa wautarsa ta ja masa, makwaɗaici kwaɗayinsa, shi kuwa waliyyi jarrabawa ce da za ta wuce. To, ta wace hanya take wucewa? Ko dai mai kuɗi ya auri yarinyar, ko attajiri ya ɗauki yaron aiki, ko kuma a wayi gari a gano ashe ɗan masu dukiya ne da ya ɓata tun yana jariri. A wani zango na Labarina na Aminu Saira, attajiri Mainasara ya ɓad da kama ya shiga rigar talauci don ya sami matar da za ta so shi saboda Allah. An tsara labarin da gwaninta, amma a ciki talauci ya koma riga da ake sawa a tuɓe, kuma matalautan da ke kewaye da shi sun zama ɗaliban da ake yi wa jarrabawa ba su sani ba. Mai maki dai shi ne mai kuɗi.

Alhali kuwa talaucin da ke wajen akwatin yana da sanadi da tarihi. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Ba zai yiwu a ce dukkansu wawaye ne ko makwaɗaita ba. A cikinsu akwai ma'aikatan masaƙun Kaduna da Kano da aka rufe, waɗanda durƙushewarsu ta biyo bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986 da kwararowar yadin waje. Akwai manomin Zamfara da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, da ɗan fanshon da ya tsufa a layi, da mai ɗan shagon da cire tallafin man fetur a 2023 ya cinye masa jari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labari ne da zai ɗauki zango goma, ga rikici, ga soyayya, ga ban dariya.

An fara taɓa wannan fage, kuma wajibi ne mu faɗa. Daɗin Kowa, wanda Arewa24 ta fara jim kaɗan bayan buɗe ta a 2014, ya kafa gari sukutum na masu ƙaramin ƙarfi, da malamin tsangaya da almajiransa, da 'yan gudun hijira, da matasan da ƙwaya ta kama, kowa da sunansa da sana'arsa da damuwarsa. A nan talaka shi ne tsakiyar labari. Kwana Casa'in kuma, daga 2019, ya nuna yadda abin da aka ƙulla a gidan gwamnatin Alfawa ke faɗowa a kan na ƙasa. Amma ko a Daɗin Kowa tsohon gadon bai saki ba, domin an kafa tashar ne da tallafin gwamnatin Amurka don yaƙi da tsattsauran ra'ayi, shi ya sa wani lokaci sai ka ji ɗan wasa ya bar magana irin ta mutane ya koma karanto darasi.

Mun san uzurin masu shiryawa. Mai talla yana son kayansa su fito kusa da falo mai sheƙi, kuma an ce mai kallo da ya wuni cikin wahala ba ya son ya dawo gida ya tarar da ita a akwati. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma farin jinin Daɗin Kowa ya nuna jama'a ba sa gudun ganin kansu in an nuna su da mutunci.

Saboda haka kiranmu ga 'yan uwa marubuta ne, tunda kafin kyamara ta ɗauka alƙalami ne ya rubuta. Yawancinmu a gidajen nan muka tashi. Mun san talakan da riga ɗaya gare shi amma ranar Juma'a sai ta sha wanki da guga, mun san uwar da ta aurar da 'ya'ya biyar da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi, mun san maigadin da ya sauke Alƙur'ani ya fi maigidansa sanin duniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za mu saka maigadi a wasa, mu ba shi suna da gari da dalilin da ya baro garin, mu bar shi ya yi magana da karin harshensa ba tare da an mai da shi abin tsokana ba. In kuma za mu fitar da jarumi daga talauci, mu gwada fitar da shi ta hanyar da mai kallo zai iya bi gobe da safe, domin ba kowa ne Alhaji zai gani a bakin titi ya tsaya ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu dace.