Muzurun da Ya Riga Mickey Mouse: Bitar Littafin John Canemaker a Kan Felix

Kafin duniya ta san Mickey Mouse, kafin Tom da Jerry su fara tseren da yaranmu ke kallo har gobe, akwai wani baƙin muzuru mai manyan fararen idanu da ya cika gidajen silima na Amurka da Ingila. Sunansa Felix. Ya fara bayyana a 1919 cikin gajeren fim mai suna Feline Follies da kamfanin Paramount ya rarraba, lokacin ma Master Tom ake ce masa. Tarihin wannan muzuru ne John Canemaker ya bi diddigi a littafinsa Felix: The Twisted Tale of the World's Most Famous Cat, wanda ya fito a 1991. Canemaker mai zanen katun ne da ya koyar a Jami'ar New York, shi ya sa ya yi rubutun kamar wanda ya san nauyin alƙalami da tawada a hannu.

Tambaya guda ce ke jan littafin tun daga farko: wa ya zana Felix? Sunan da ke kan kowane fim da kowace 'yartsana shi ne Pat Sullivan, mutumin Ostireliya da ya kafa ɗakin zane a New York. Shi ake hira da shi a jaridu, shi ke karɓar kuɗin hajojin da aka maƙala wa hoton muzurun. Amma Canemaker ya nuna cewa wanda ke zaune kan tebur yana ƙirƙiro labari, yana zane, yana jagorantar sauran ma'aikata, wani mutum ne mai kunya daga New Jersey, Otto Messmer, haifaffen 1892. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Canemaker ya riski Messmer da ransa, ya zauna da shi, har ya yi fim a kansa a 1977, kuma muryar dattijon ce ke ba littafin ɗuminsa. Mutum ne da bai iya ƙorafi ba. Mai karatu ne yake jin zafin a madadinsa.

Inda littafin ya fi burge ni shi ne bayanin abin da ya raba Felix da sauran katun na zamaninsa. Yawancinsu zanen jarida ne kawai da aka sa wa motsi: a yi gudu, a faɗi, a tashi. Felix kuwa tunani yake yi, kuma mai kallo yana ganin tunanin ƙuru-ƙuru. In matsala ta taso sai ya sunkuyar da kai, ya harɗe hannuwa a baya, ya shiga kai da komowa. Alamar tambaya ta fito a saman kansa, sai ya miƙa hannu ya fizgo ta ya mai da ita kayan aiki. Jelarsa ma cire ta yake yi ta zama duk abin da yake bukata a lokacin. A fim ɗin Felix in Hollywood na 1923 ya mai da ita sanda ya kwaikwayi tafiyar Charlie Chaplin, har Chaplin ɗin na zane ya fito yana zarginsa da satar sana'a. Wannan ba haɗuwar banza ba ce, domin Messmer ya taɓa zana jerin katun na Chaplin kafin Felix, kuma a can ya koyi yadda kafaɗa ko gira ke magana ba tare da baki ya buɗe ba. Finafinan lokacin ba su da sauti, don haka jiki ne harshe.

Akwai kuma ƙananan bayanai na sana'a da Canemaker bai raina ba. Baƙin launin muzurun, a faɗar Messmer, sauƙin aiki ne: dunƙulen baƙar tawada ya fi saurin zane kuma ya fi fitowa a farin allo. A 1924 Bill Nolan ya zagaye masa jiki, ya rage tsinin hanci, sai ya ƙara kyau ga ido da sauƙi ga hannu. Haka kuma littafin ya ba Margaret Winkler haƙƙinta, matar da ta karɓi rarraba finafinan a 1922 ta kai su ko'ina, ita ce kuma ta ba Walt Disney kwangilarsa ta farko mai muhimmanci. A 1928 ma, da injiniyoyin kamfanin RCA ke gwajin talabijin a New York, 'yartsanar Felix suka ɗora kan faifai mai juyawa a gaban kyamara, don ta fi ɗan Adam jure zafin fitilu.

Faɗuwar ta zo da sauri. Disney ya fitar da Steamboat Willie, fim ɗin Mickey Mouse mai sauti, a Nuwamba 1928, Sullivan kuma ya yi ta jan ƙafa. Da ya yarda daga baya, sautin da aka liƙa wa finafinan bai yi armashi ba, masu kallo sun riga sun koma wajen ɓera. Canemaker bai lulluɓe halin Sullivan ba: ya kawo ɗaurin da aka yi masa a 1917 kan laifin fyaɗe ga yarinya 'yar shekara 14, da shaye-shayen da ya cinye shi. Matarsa ta rasu a 1932, shi kuma a 1933. Messmer ya tashi ba shi da ko takarda guda da ke cewa muzurun nasa ne, ɗakin zanen ya watse.

Abin da ya raya Felix bayan nan shi ne takarda. Tun 1923 aka fara buga zanensa a jaridu ta hannun kamfanin King Features, kuma Messmer ya ci gaba da zana shi har tsakiyar shekarun 1950, ya haɗa da mujallun katun na kamfanin Dell, duk dai da sunan Sullivan a sama. A nan ne nake da ƙorafi kan littafin. Zuciyar Canemaker tana wajen finafinan shekarun 1920, shi ya sa shekaru talatin na zanen takarda ba su samu zaman da suka cancanta ba. Ga shi kuwa a nan ne Felix ya sauya hali: muzurun titi mai neman abin da zai ci da wayo ya koma mai laushi, mai yawo a duniyar tatsuniya don yara. Na so a tsaya a kan wannan, a nuna yadda hannu ɗaya ya zana halaye biyu. Shirin talabijin da Joe Oriolo, mataimakin Messmer, ya kawo a ƙarshen shekarun 1950 shi ya ƙarasa sauyin. Ya ba Felix jakar sihiri mai fitar da komai, kuma a ganina ranar da ya samu jakar ya daina bukatar tunani.

Ƙorafi na biyu shi ne Sullivan ba ya raye balle ya kare kansa, kuma galibin shaidar ta fito ne daga Messmer da abokan aikinsa. A 2004 gidan talabijin na ABC a Ostireliya ya yi shiri yana jayayya cewa Sullivan ne ya ƙirƙiri muzurun, yana kafa hujja da wani fim ɗinsa na kyanwa na 1917 da kuma salon rubutun hannun da ke cikin Feline Follies. Mai karatu na yau ya kamata ya san da wannan. Sai dai ko da an ba Sullivan zanen farko, hujjar Canemaker ba ta girgiza ba, domin abin da mutane suka so a Felix shi ne tafiyar nan da dabarar jelar, kuma masu zanen da suka yi aiki a ɗakin sun danganta su ga Messmer. Ya rasu a 1983, bayan ya ga an fara kiran sunansa a bukukuwan finafinai. Finafinan Felix na farko suna nan a YouTube, kuma wanda ya kalli biyu ko uku kafin ya buɗe littafin zai fi gane abin da Canemaker ke nunawa.