Littafin Ɗalibin Liyon da Malami Ya Ƙi Karɓa

Frantz Fanon mutumin tsibirin Martinik ne, an haife shi a 1925. Ya yi wa Faransa yaƙin Hitila har aka yi masa rauni, sa'an nan ya zauna a birnin Liyon yana karatun likita. A can ya rubuta *Peau noire, masques blancs*, watau Baƙar Fata da Farar Fuskar Aro. Niyyarsa ya miƙa shi don jarrabawar ƙarshe, amma malaminsa ya ƙi karɓa, tilas ya yi wani rubutu dabam a kan wata cutar jijiyoyi. Kamfanin Seuil na Faris ya buga littafin a 1952.

Ƙarfin littafin yana wuraren da Fanon ya faɗi abin da idonsa ya gani. A babi na fari ya nuna yadda Bature, ko da likita ne, in ya ga baƙin mutum sai ya karya harshe, ya yi masa gurɓataccen Faransanci kamar mai lallashin yaro. Shi Baturen a ganinsa kirki ya ke yi. Babi na biyar ya fi zafi. Wani ɗan yaro ya gan shi, ya firgita, ya maƙale wa uwarsa. Ita kuwa ta ba shi haƙuri, wai yaron bai san shi ma wayayye ba ne. Mai karatu ya duba da kyau: haƙurin nan ya fi tsoron yaron ciwo, gama da shi aka ware Fanon daga 'yan'uwansa.

Inda ya shiga gardama da Freud da Adler da Hegel kuwa, magana ta yi duhu, ɗalibin ya ɓace cikin rigar malamai. Hukuncin da ya yanke wa Mayotte Capécia, marubuciya 'yar tsibirinsu, ya yi tsanani ƙwarai. Bai yi mata uzurin da ya yi wa kansa ba.

Kada kuma a ɗauka bakin dukan ɗalibai ya ara. Ɗan Martinik ya tashi yana zaton shi Bafaranshe ne, sai a Liyon aka ƙaryata shi. Ɗan Nijar ko Senegal ya zo da harshensa da garinsu, ciwonsa dabam ne. Su ɗaliban Afirka, mujallar Présence Africaine ta Faris ce ta ba su fili a 1953, suka faɗi nasu da bakinsu.