Hannun da ke Riƙe da Linzami

A garin Litang, yankin mutanen Tibet da ke lardin Sichuan na ƙasar Sin, idan watan Agusta ya kama, sanyi ya lafa, ciyawa ta fito, makiyaya sukan kafa tantuna a fili su yi bikin dawaki. Kafin a fara, a kan ƙona ganyen ƙamshi, malaman addinin Buddha su yi nasu addu'o'in. Daga nan sai mahayi ya sako doki a guje, ya zamo daga sirdi har hannunsa ya taɓa ƙasa, ya tsinci farin ƙyallen da aka ajiye, ya koma ya zauna. Na kalli wannan a waya ina cikin motar haya a Abuja, sai zuciyata ta koma gida, ga jafi.

Dama sunan Abuja daga gidan mahaya ya fito. Abu Ja, na zuriyar sarakunan Zazzau da suka baro Zariya lokacin jihadi, shi ya kafa garin Abuja na asali a 1828. Bayan an ƙirƙiro sabon babban birni a 1976, birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma aka sake masa suna Suleja, inda har gobe ake hawan Sallah. Cikin birnin kuwa, bikin Kanibal da aka fara a 2005 ya riƙa kawo dawakin masarautu ana hawan daba.

Jafi a ido abu ne mai sauƙi. Mahaya su jeru, su sako dawaki a sukwane zuwa inda sarki yake, saura ƙiris su iso sai su tsaya cak, su ɗaga hannu su yi jinjina. Tsayawar nan ita ce gwanintar. Doki in ya ɗauki gudu yawancin nauyinsa yana gaba, kuma ba ya son a katse shi. Mahayi sai ya danna duga-dugansa cikin likkafa, ya zauna daram a sirdi, ya ɗan jingina baya, sannan ya tattaro linzami. Dokin da ya samu horo zai shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa kamar zai zauna, ƙura ta turnuƙe, ƙirjinsa ya ɗaga. Duk wannan da hannu ɗaya, domin ɗayan yana sama da takobi ko mashi. Ga rawani, ga babbar riga, ga alkyabba da iska ke fizga.

Linzamin gargajiya yana da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓar doki, kuma yana da zafi. Shi ya sa ake gane gwani da taushin hannu. Ɗan koyo ya fizga, doki ya wage baki, ya yi ta jifa da kai, wani lokaci har jini. Gwani kuwa da ƙyar za ka ga yatsunsa sun motsa. Ni dai ban taɓa jin daɗin jafin da aka yi da jinin bakin doki ba, ko da taro ya yi ta shewa.

Aikin a barga yake farawa, makonni kafin Sallah: gero da dusa da harawa, ɗan kanwa a ruwa, kilisa safe da yamma har doki ya saba da kalangu, da kakaki, da ƙarar bindiga. Ranar hawa kuma sai an duba majayi an sake dubawa, don in ya saki, sirdi ya juya, mahayi sai ƙasa. Yaran barga da ke wannan wahala ba a kiran sunansu a lasifika.

A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. In Sallah ta zo, Suleja ba nisa daga Abuja. Ka je, ka bar kallon ado na ɗan lokaci, ka sa ido kan hannun hagun mahayi.