Ku bar mu mu gano maƙaryacin da kanmu

Jama'a, na gaji. Daren jiya na sake kife waya a tsakiyar wani shiri mai dogon zango, daidai inda amarya ta turo ƙofa, ta kalli bango, ta shiga zayyana da ƙarfi yadda za ta raba Alhaji da uwargida. Wa take gaya wa? Mu, kamar ba mu da ido. Kafin ma ta buɗe baki an sako mata kiɗan nan na munafunci, ta zare ido, ta ciji leɓe. Ko yaron goye ya san ita ce muguwar.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki wani fim ne na Faransa, Anatomie d'une chute, na Justine Triet, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 2023. Ƙanena ya zo mini da shi a memori daga Sakkwato. Miji ya faɗo daga saman gidansu na kan duwatsu kusa da Grenoble, ya mutu a kan ƙanƙara, aka gurfanar da matar. A kotu sai ga shi ashe mijin ya naɗi faɗan da suka yi a ɓoye, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, ita kuma ta yi ƙarya a kan tabon da ke hannunta. Babban shaida ɗansu ne mai raunin gani. Awa biyu da rabi, babu mai cizon leɓe. Kotu ta wanke ta, amma ni da maiɗakina har yau muna musu. Na ce ita ta tura shi, ta ce ai dama ku maza haka kuke.

To mu nan Gummi da Anka ba mu san ƙaryar aure ba ne? Maigida ya dawo daga haƙar zinare a Bagega ya ce ƙasa kawai ya sha, alhali kuɗin lefen wata na cikin aljihu. Uwargida ta kwashi adashe tun makon jiya, ta ce ba a zo kanta ba. Buhun shinkafa ya yi ƙafa, aka ce ɓera. Duk da fara'a ake yi, ana miƙo ruwan alwala ana sannu da zuwa. Ina mai fim ɗin da zai ɗauko wannan? A'a, sai boka, sai laya ƙarƙashin filo, sai waya ta yi ƙara tana banɗaki.

Na yarda, tun zamanin kaset fim ɗin Wasila ya taɓo cin amanar aure ba tsoro, kuma mai kallo a 'yar waya cikin hayaniyar tsakar gida yana son a sauƙaƙa masa. Amma sauƙi daban, ɗura daban.

Wallahi kiɗan nan na munafunci ne ya fi ƙona mini rai. Duk da haka gobe zan leƙa wurin mai tura fim in karɓo ci gaban shirin daren jiya, don ina so in ga ko asirin amaryar zai kama Alhaji.