Kishiya a Cikin Na'ura: Me Ya Sa Aka Kasa Sakin Tsohuwar Manhaja?

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, sai fa ga wanda ya yi rajistar neman ƙarin wa'adi. Magajiyarta kuwa, wato Windows 11, ba ta yarda ta sauka a kowane gida ba, domin tana neman wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abubuwan da ba kasafai ake samunsu a kwamfutocin gwanjo da ke shigo mana ba. Tun daga lokacin masu ba da shawara suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a jefar da tsofaffin na'urori a sayo sababbi. Wasu kuma na cewa a share Windows ɗungurungum a ɗora Linux, tun da ita kyauta ce. Dukansu biyu sun ɗauka cewa gida ɗaya mace ɗaya ya kamata ya riƙe. To amma duk wanda ya leƙa birorin makarantu da shagunan buga takardu tsakanin Waca da Magarya da Dungas zai tarar da cewa masu aiki da hannunsu sun daɗe da yanke wani hukunci dabam: sun ajiye biyu, suna raba musu kwana. A ganina wannan hukunci ya fi shawarwarin nan biyu hikima, ko da yake shi ma yana da aibin da ya kamata a faɗa a fili.

Ga mai karatun da bai saba da harkar ba, babbar manhaja ita ce wadda ke farkawa da zarar an kunna kwamfuta, ita ke karɓar umurni daga allon rubutu, ta buɗe takardu, ta yi magana da injin bugawa. Sauran manhajoji duka a kanta suke zaune. Ana iya raba rumbun ajiyar na'ura gida biyu, kowace babbar manhaja da ɗakinta, in an kunna sai mutum ya zaɓi wadda zai shiga. Wani kuma tsohuwar kwamfuta yake ajiyewa a kusurwa, lulluɓe da zane saboda ƙura, ba a taɓa ta sai wata buƙata ta musamman ta taso.

Wannan buƙata ta musamman ita ce ta fi shafar malamai da ƙungiyoyin al'adu, kuma asalinta haruffa huɗu ne: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tun kafin kwamfuta suke ba mu wahala. A ƙa'idojin da Hans Vischer ya tsara a 1912 ɗan waƙafi ake sa wa baƙin a gabansa, sai a shekarun 1930 aka tsayar da masu lanƙwasa a Zariya. Masu bugu da tafireta sun san yadda ake gama shafi sannan a bi shi da alƙalami ana yi wa kowane harafi ƙugiya. Da kwamfuta ta zo, dabarar da aka samo ita ce a ƙera wani salon haruffa na musamman, a cire wani baƙi da Hausa ba ta amfani da shi, ko wata alama, a dasa ƙ ko ɗ a gurbinsa. A allo mutum na ganin ƙ, amma a cikin ranta na'urar wani abu dabam ta ajiye. Muddin takardar na kan kwamfutar da ke da wannan salon haruffa, lafiya lau. Ranar da aka kai ta wata na'ura sai rubutu ya koma shirme, ko kuma ƙugiyoyi su zube, baƙi su koma baki, faɗa ya koma fada.

A tuna cewa a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a watan Oktoba na 1999 ne ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Ke nan shekarun da aka fi zage damtse wajen rubuta littattafan makarantu masu harshe biyu da na yaƙi da jahilci sun faɗo daidai da zamanin waɗancan haruffa na dabara. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, ya san da haruffanmu huɗu tun farkonsa a 1991, sai dai an ɗau shekaru kafin manhajojin da ke hannun jama'a su iya aiki da shi yadda ya kamata. Saboda haka malamin da ya ƙi rabuwa da Windows XP, wadda aka daina kula da ita tun Afrilun 2014, ko Windows 7 da aka sallama a Janairun 2020, ba lalle gidadanci ke damunsa ba. Sau da yawa tatsuniyoyin da ya tattara, da wasan kwaikwayon da ɗalibansa suka yi, da jerin kalmomin lissafi da aka fassara a wani taron horo, duk a wannan ɗaki kaɗai suke buɗuwa da kamanninsu. Mai cewa a jefar da na'urar bai san cewa rumbu yake cewa a cinna wa wuta ba.

Abin mamaki shi ne, ajami ya juya maganar. Haruffan da almajiran ƙasar nan ke rubutawa bisa ruwayar Warshu, irin fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama waɗanda ke zubar da ɗigonsu a ƙarshen kalma, sai a 2016 Unicode ya ba su lambobinsu, wasu baƙaƙen da Hausa ke buƙata kuma sai a 2020. Ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu na Kano. Tsohuwar manhajar rubutu ta zamanin XP ba ta san yadda za ta haɗa waɗannan sababbin baƙaƙe da ƴan'uwansu ba, sai ta bar su a warwatse. Sabuwar LibreOffice kuwa ta iya. Don haka ƙungiyar da ke son adana tsohon boko da kuma waƙoƙin malamai na ajami tana buƙatar tsohuwa domin na farko, sabuwa domin na biyu. Wa zai ce mata ta saki ɗaya?

Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon bayani. Takardun hukuma da Word da Excel ake aiko su, kuma ko da yake LibreOffice na buɗe su, wani lokaci layuka kan goce, jadawalin makin ɗalibai ya karkace, musamman in an cusa masa ƙananan umurnin lissafi. Wani injin bugawa kuma ba ya jin kiran kowa sai Windows. Wannan ke sa wanda ya koma Linux ya bar wa tsohuwar ɗakinta. A ɗaya gefen kuma akwai cutar nan da kowane sakatare ya sani, wadda ke bin kile daga shago zuwa shago, ta ɓoye takardu ta bar inuwarsu kawai. Ƙwayoyin cutar da aka rubuta domin Windows ba sa tashi a Linux, shi ya sa masu wayo kan fara buɗe baƙuwar kile a can, su kwashe takardunsu, su share dattin, sannan su dawo.

Yanzu bari in juya kan masu wa'azin Linux, domin su ne suka fi kusa da zuciyata, su ne kuma suka fi ba ni haushi. Gaskiya ne cewa abin da Linus Torvalds ya soma a Finlan a 1991 ya zama dukiyar kowa, kuma Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, ta sauƙaƙa shi ga wanda ba gwani ba. Gaskiya ne akwai nau'o'insa marasa nauyi da ke tayar da na'urar da aka fid da rai da ita. Amma hujjar da suka fi ɗagawa, wato ta kyauta, ba ta da ƙarfi a nan, domin kowa ya san Windows ɗin da mai gyara ke ɗora wa mutum ba a biya wa kamfani ko dala ba, ladan aiki kawai ake bayarwa. Kyauta ba ta kayar da kyauta. Abin da malamin Waca ke tambaya shi ne: in ta lalace ranar jajibirin jarrabawa, wa zai duba mini? Mai gyaran da ke Magarya ko Damagaram abin da ya koya a wurin maigidansa shi ya iya, kuma galibi Windows ce. Mun ga yadda shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta ya kasance. A 2007 aka gwada shi a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, da ƙananan na'urori kore da fari masu tafiya da Linux. Kafin shekarar ta ƙare wani kamfani mai suna LANCOR ya kai ƙara kotu a Legas kan cewa an kwaikwayi allon rubutunsa mai haruffan harsunan Najeriya, shirin kuma bai bazu a ƙasar kamar yadda aka yi buri ba. A lura da abin da aka yi shari'a a kansa: allon rubutu.

Nan ne kuwa gizo ke saƙar. Yankinmu bakin iyaka ne. Daga Magarya a gangara Ɓaɓura, daga Dungas a faɗa Maigatari, kayan da ke fitowa daga kasuwannin Kano da allon Ingilishi suke zuwa, mai farawa da QWERTY, alhali yaranmu da sakatarorinmu da allon Faransanci suka koyi bugu, mai farawa da AZERTY. Mutum ya danna inda aka rubuta q sai a ta fito. A cikin jerin allunan rubutu da ke zuwa tare da Linux akwai Hausa har kashi biyu, ɗaya da sunan Najeriya, ɗaya da sunan Gana, dukansu kuma bisa shimfiɗar Ingilishi aka gina su. Fassarar Hausa da Microsoft ya fitar a zamanin Windows 7 ita ma da sunan Najeriya ta fito, inda aka saba rubuta 'y a wurin da ƙa'idarmu ta ce ƴ. Wato dai ko uwargida ko amarya, babu wadda aka yi wa lefe da malamin Nijar a zuciya. Akwai manhajar Keyman, wadda ke ba mutum damar tsara allonsa kuma tana aiki a Windows da Linux da wayar hannu, amma in kowace makaranta ta tsara nata, mun koma gidan jiya.

Ga kuma wani abu da masu gardamar duka suka manta. In ana maganar babbar manhajar da jama'a suka dogara da ita, ai ba a kan teburi take ba, a aljihu take. Android ita ma a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta, ke nan mutanen Waca sun daɗe da shiga Linux ba tare da an yi musu wa'azi ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024, kwamfutar teburi ta sha hutun dole a wurare da dama, wayar da ƙaramin faifan rana ke cikawa kuwa ba ta tsaya ba. A waya, in mutum ya zaɓi allon Hausa, haruffa masu ƙugiya na nan kusa da yatsa, kuma da lambar Unicode suke fita. Shi ya sa za ka ga malami ya rubuta darasinsa a waya, ya tura ta WhatsApp, sannan a kwafe shi a kwamfuta domin bugawa kawai. Aiki ne mai gajiyar da ido da babban yatsa, amma Hausarsa ta fi fita daidai.

Aibin zama da biyun shi ne ya sa mun miƙe ƙafa. Tsohuwar na'urar da ke lulluɓe da zane ba za ta dawwama ba; zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi ba zato suna cin rumbunta a hankali, kuma ranar da ya tsaya, abin da ke ciki ya tafi. Haɗa ta da intanet kuwa kasada ce, tun da an daina toshe mata kafofin da ɓarayi ke bi. Mayar da tsohon rubutu zuwa Unicode ba gagarumin aiki ba ne: a gano alamar da aka ɓoye kowane harafi a bayanta, a umurci manhajar rubutu ta musanya ta ko'ina, manya da ƙanana, sannan wanda ya san harshen ya bi shafi-shafi ya duba. Ƙungiyar malamai guda na iya gama na makarantarta a hutun damina, ta ajiye kwafi a wurare biyu ko uku, ta kuma buga a takarda. Ban ga dalilin da zai sa a jira wani mai ba da agaji daga waje kafin a soma ba.

Abin da ya fi ƙarfin ƙungiya shi ne allon rubutu na bai ɗaya. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen ƙasa kuwa da shi ake rubuta sanarwa da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, kuma sakataren da zai buga su AZERTY yatsunsa suka sani. Ana buƙatar ma'aikatar ilimi, tare da INDRAP da masana harshe na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, su tsayar da shimfiɗa guda bisa AZERTY, a fitar da ita domin Windows da Linux da Android a lokaci ɗaya, a kuma miƙa ta ga masu kula da jerin alluna na duniya domin ta riƙa zuwa a cikin na'ura tun daga tushe. Kada kuma a tsara ta domin Hausa kaɗai. A kasuwannin Dungas da Waca ana jin Fulatanci da Barbarci. Na farko na tarayya da mu a ɓ da ɗ da ƴ amma yana buƙatar ŋ, na biyu kuma yana buƙatar ǝ da ɍ, kamar yadda ƙudurorin 1999 suka tanada.